Zaɓe da tuɓewa: kamannin dimokuraɗiyya a tarihin ƙasar Maraɗi

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana bin sawun hanyoyin da aka bi wajen ɗora shugaba da sauke shi a ƙasar Maraɗi, daga kafuwar sarautun Katsinawa da Gobirawa a bakin gulbi har zuwa shekara ta 2025, tana kuma gwada su da na waɗansu ƙasashe. Ra'ayin da muke karewa shi ne, duk tsarin da aka gwada a Nijar ya fi ba da ƙarfi ga tambayar "wa ke zaɓe?", ya bar tambayar "wa ke tuɓewa?" ba cikakkiyar amsa.

1. Gabatarwa

Tsakanin Maraɗi da Katsina tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Harshe ɗaya ake yi, ana auratayya, ana cin kasuwannin juna, kuma gidan sarautar Maraɗi daga birnin Katsina ya fito. Amma tun da Faransa da Ingila suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, abin da ake kira dimokuraɗiyya bai taɓa yin kama ɗaya a ɓangarorin biyu ba. Matar Maraɗi ta sami ikon jefa ƙuri'a da dokar da Faransa ta yi wa ƙasashen renonta a 1956. Ƴar'uwarta ta Katsina sai da ta jira har 1976. A 1993 ƙasashen biyu kowace ta yi zaɓen shugaba: a Nijar jam'iyyu barkatai suka shiga, aka yi zagaye biyu, wanda ya ci ya hau, a Nijeriya jam'iyyu biyu ne tak, SDP da NRC, gwamnatin soja ce ta haife su, kuma ita ce ta soke zaɓen bayan an yi shi.

In aka ɗaga kai aka duba nesa, bambancin ya fi haka yawa. Ingila tana da sarki, amma majalisa ke mulki. Amurka ba ta ƙirga ƙuri'un ƙasa a dunƙule, wakilan jihohi ke naɗa shugaba, har wanda bai fi yawan ƙuri'a ba yana iya ci, kamar yadda aka gani a 2000 da 2016. Suwizalan mutum bakwai ke riƙe da gwamnati tare, kuma matan ƙasar ba su sami ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1971, shekara 15 bayan matan Nijar. Duk waɗannan suna amsa suna ɗaya.

Saboda haka, domin gwaji ya yiwu, za mu ajiye sunan mu riƙe tambayoyi uku da kowane tsarin mulki ke amsawa ta hanyarsa. Ta farko: wa ke zaɓen shugaba? Ta biyu: wa ke da ikon ce masa a'a yana bisa gado? Ta uku: in ya kauce, wa ke sauke shi, ta wace hanya? Mun zaɓi Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa ne don a nan an ga amsoshi iri-iri sun hau bisa juna cikin shekara 200, ba tare da sabuwa ta shafe tsohuwa sarai ba.

2. Abin da kalmomi ke faɗi

Kafin tarihi, ya kamata mu tsaya kaɗan ga kalmomin da Bahaushe ke magana da su bisa wannan al'amari, domin kowace tana ɗauke da tsohuwar ma'ana wadda ba ta mutu ba.

"Dimokuraɗiyya" baƙuwa ce: asalinta Girkanci, ta iso mana da siffar Larabci, kuma gidajen rediyo ne suka yaɗa ta. A bakin mutanen karkara an fi jin "mulkin farar hula", wanda ke bayyana abin ta hanyar kishiyarsa, wato mulkin masu kaki. Wannan suna yana faɗin wanda ke bisa kujera, ba ya faɗin yadda ya hau ko yadda zai sauka. "Zaɓe" kuwa kalmar gida ce, ana zaɓen iri, ana zaɓen miji, ana zaɓen sarki. Ba ta nuna yawan masu zaɓen, mutum huɗu suna iya yin zaɓe kamar yadda miliyan huɗu ke yi. "Ƙuri'a" daga Larabci take, kuma ma'anarta ta asali ita ce jefa abu don rabo ya fitar da wanda zai samu, kamar yadda ake yi wajen raba gado in kaso ya yi daidai. Abin lura shi ne, mutanen Atina ta dā, inda kalmar dimokuraɗiyya ta fito, da irin wannan ƙuri'a suke cika yawancin muƙamansu, domin suna ganin zaɓe na fifita masu hali da masu suna.

"Siyasa" a tsohuwar Hausa lallashi ce da iya tafiyar da mutane. In an ce "yi masa siyasa", ana nufin a bi shi a hankali. Daga nan ma'anar ta gangara har ta kusanci yaudara. Amma kalmar da ta fi nauyi ita ce wadda muke kiran waɗanda suka faɗi zaɓe da ita: "ƴan adawa". Adawa ƙiyayya ce. A Ingila jagoran waɗanda ba su cikin gwamnati muƙami gare shi, baitulmali ke biyansa, aikinsa shi ne ya soki gwamnati ya kuma shirya gadonta. A Hausa sunansa kawai ya sa shi cikin sahun abokan gaba. "Hamayya", wadda ake yi tsakanin ƴan sarki masu neman gado ɗaya, ta fi kusa da abin da ake nufi, amma "adawa" ta fi yawo a baki.

Sunayen jam'iyyun Nijar ma abin nazari ne. Kowace tana da haruffan Faransanci a gaba da kirari a baya, galibi na Hausa: MNSD-Nasara, CDS-Rahama, PNDS-Tarayya, ANDP-Zaman Lahiya, RDP-Jama'a, RSD-Gaskiya. Haruffan suna magana da ƴan lakkol da ƙasashen waje, suna ambaton gurguzu ko ci-gaba. Kirarin yana magana da mai ƙuri'a, kuma halin kirki yake ambata, ba tsarin aiki ba. Mai ƙuri'a kirarin ya sani.

3. Rukunin Maraɗi da Tara ta Gobir

Bayan da jama'ar Shehu Usmanu suka ci birnin Katsina a wajejen 1807, suka kuma ci Alkalawa a 1808, gidajen sarautar biyu sun yi arewa. Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi a wajejen 1819. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama, Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri, ƴan kilomitoci kaɗan daga Maraɗi. Masu gudun hijirar sun zo da tsarin sarautarsu yadda yake, shi ya sa masana irin su M. G. Smith da Guy Nicolas suka zo nan neman siffar mulkin Hausa na kafin jihadi.

Bisa bayanin Smith (1967) game da zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta daga 1854 zuwa 1875, manyan sarakai huɗu ne ake kira rukuni: Kaura, shugaban mayaƙa, Galadima, wanda baba ne, mai kula da harkokin gari da na fada, Ƴandaka, da Durbi, wanda ake danganta gidansa da Durbawa, masu Katsina na farko. Su huɗun nan ke zaɓen sarki daga cikin ƴaƴan gidan sarauta. Ba su da damar hawa gadon da kansu, ƴan sarki kuma ba su da damar shiga rukuni. Sarki ke naɗa su, amma ba ya yanke babbar magana, kamar ta yaƙi, ba tare da su ba, kuma in suka haɗa baki suna iya tuɓe shi. A Tsibiri masu zaɓen tara ne, su ake kira Tara ta Gobir. A gefen sarki kuma akwai mace daga gidan sarauta mai nata ikon bisa mata da ƴan bori: Iya a Maraɗi, Inna a Tsibiri.

In muka ɗora tambayoyinmu uku bisa wannan tsari, za mu ga ya amsa ta biyu da ta uku sarai, amma amsarsa ga ta farko ƙuntatacciya ce ƙwarai. Talaka ba ya zaɓe, bawa ba ya zaɓe, anna na cikin kwari da ke noma abin da fada ke ci ba su zaɓe. Abin da ya rage wa talaka shi ne kai kuka, in ba a ji ba ya kwashe iyalinsa ya koma ƙarƙashin wani sarki. Wannan ba ƙaramin makami ba ne a zamanin da daji ke da yawa mutane ke da kaɗan, domin sarkin da mutanensa suka watse ya rasa haraji ya rasa mayaƙa. Duk da haka, kuskure ne a kira tsarin dimokuraɗiyya, kamar yadda waɗansu ke yi don kishin al'ada. Mulkin manya ne mai birki.

Birkin kuma ya lalace ta inda ya fi ƙarfi. Bayan Ɗan Baskore, naɗi da tuɓewa suka yawaita, sarakuna suna hawa suna sauka cikin ɗan lokaci. A cikin shekarun 1890 Kaura Hasau, wanda Philippe David ya tattara labarinsa daga bakin mutanen Maraɗi, ya zama shi ne mai gari a zahiri: dawaki na hannunsa, wanda ya so shi ke zama sarki. Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa, inda Faransawa suka same shi. Wato ikon tuɓewa, wanda al'ada ta raba wa mutum huɗu don kada ɗaya ya mallake shi, ya tattaru a hannun wanda ke riƙe da makami. Za mu sake gamuwa da wannan hali a ƙarni na gaba.

4. Daga kwamanda zuwa jam'iyya ɗaya

Faransawa ba su kashe sarauta ba, sun dai juya fuskarta. Sarki da shugabannin kanto suka zama ma'aikatan kwamanda, masu tara haraji da mutanen aikin tilas. Masu zaɓen sarki suna nan da rawunansu, amma takardar gwamna ce ke naɗawa, ita ce kuma ke tuɓewa. Sarkin da a dā yake tsoron rukuni ya koma tsoron bariki. Ko ƙaurar gari daga cikin kwari zuwa bisa tudu bayan ambaliyar 1945, bisa zanen hukumar Turawa aka yi ta.

Daga 1946 aka soke aikin tilas, aka buɗe ƙofar jam'iyyu, aka kafa PPN-RDA mai alamar giwa. Masu ƙuri'a da farko kaɗan ne: ma'aikata, sarakai, tsofaffin soja, masu takardar kasuwanci. Dokar 1956 ta buɗe wa kowa, mace da namiji. A zaɓen 1957 jam'iyyar Jibo Bakari mai alamar raƙumi ta yi rinjaye ta kafa gwamnati. Sunanta, Sawaba, ya riga ya yi yawo a Kano tun 1950, lokacin da aka kafa NEPU, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya jagoranta. Kalma ɗaya ce ta tsallaka iyaka da ma'anarta ta samun sauƙi bayan wahala. Kamar yadda binciken Klaas van Walraven ya nuna, ƙarfin Sawaba a garuruwa irin su Maraɗi da Tasawa da Damagaram yana wurin ƙananan mutane: direbobi, ƴan koli, ƴan ƙwadago, masu sana'ar hannu. Karo na farko ke nan da talaka ya shiga cikin masu zaɓe da sunan kansa.

Abin bai daɗe ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 Sawaba ta ce a ƙi tayin Janar de Gaulle a karɓi ƴanci nan take. Faransa ta aiko da sabon gwamna, Colombani. Yawancin sarakuna, waɗanda gwamnatin Jibo ta riga ta taɓa rawunan waɗansunsu, suka juya mata baya. Aka bayyana cewa kimanin kashi 78 cikin 100 sun ce "i", ko da yake waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Gwamnatin Jibo ta faɗi, a 1959 aka haramta Sawaba. Nijar ta karɓi ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960 da jam'iyya ɗaya.

Zamanin Jori Hamani ba a daina zaɓe ba. An yi a 1965, an yi a 1970, kowa yana da ƙuri'a, ɗan takara ɗaya ne, sakamakon ya wuce kashi 99. Tambaya ta farko ta sami amsa mafi faɗi da aka taɓa ba ta, sauran biyun ba su da amsa ko kaɗan. Wanda ya amsa ta uku shi ne Seyni Kunce, ran 15 ga Afirilu 1974. Shi kuma ya kawo wani tsari da aka ce ya dace da al'adar ƙasa: aka farfaɗo da samariya, aka haɗa ta da ƙungiyoyin manoma, aka jera majalisun shawara daga ƙauye har Yamai. Samariya ta yi aiki, ta gina azuzuwa ta shuka itatuwa, mutane kuma sun sami wurin magana bisa rijiya da hatsi. Sai dai shawara tana hawa sama, umarni yana saukowa, kuma babu majalisar da ke da ikon taɓa kujerar koli. Ya kamata a riƙe wannan misali, domin duk lokacin da aka ce za a yi "dimokuraɗiyya irin tamu", ga wanda aka riga aka gwada.

5. Riga ɗaya, jiki biyu: 1991 zuwa 1996

Ran 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta bisa ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka mutu. A cikin watan nan ne Benin ta yi babban taronta na ƙasa. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai ta USN suka matsa wa gwamnatin Ali Shaibu lamba har ta yarda da jam'iyyu da yawa. Mata suka yi maci ran 13 ga Mayu 1991 don an kusa manta da su a kwamitin shirya taro. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin Farfesa André Salifu, ya karɓe iko daga hannun shugaban ƙasa ba tare da an harba bindiga ba, ya damƙa gwamnatin riƙon ƙwarya ga Amadu Shefu, ɗan Kornaka a jahar Maraɗi. Wakilan taron ba da ƙuri'ar jama'a suka zo ba, ƙungiyoyi ne suka aiko su, kuma Faransanci ne harshen muhawara. Amma ta fuskar tambaya ta uku, wannan shi ne karo na farko tun samun ƴanci da aka rage wa shugaba iko da baki.

Kundin tsarin mulkin da aka amince da shi ran 26 ga Disamba 1992 an ɗinka shi bisa na Faransa na 1958: shugaban ƙasa da jama'a ke zaɓe kai tsaye, da firaminista wanda majalisa ke iya kayarwa. An ƙara masa abin gida, wato kujeru 8 na musamman cikin 83 don ƙananan al'ummu irin su Tubawa da Larabawa da Gurmawa. Nijeriya ta fuskanci matsalar haɗa al'ummu ita ma, amma ta bi wata hanya: bayan tsarin majalisa irin na Ingila ya rushe a 1966, ta ɗauki na Amurka a 1979, ta sa sharaɗin cewa sai ɗan takara ya sami kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi. Matsala ɗaya, magani biyu, kowace ƙasa da inda ta aro.

A Maris 1993 Mahaman Usman na CDS-Rahama ya ci zaɓe da goyon bayan ƙawancen AFC. A Satumba 1994 firaminista Mahamadu Isufu ya yi murabus, jam'iyyarsa ta fice, shugaba ya rasa rinjaye. Ya rushe majalisa, aka sake zaɓe a Janairu 1995, abokan hamayyarsa suka ci, ala tilas ya naɗa Hama Amadu firaminista. Faransa ta riga ta ga irin wannan zama, wanda take kira cohabitation, tsakanin Mitterrand da Chirac daga 1986 zuwa 1988, kuma ƙasar ba ta tsaya ba. A Yamai kuwa zaman ƴan marina aka yi. Kundin ya ce shugaba ke jagorantar taron ministoci, ya kuma ce gwamnati ke tsara siyasar ƙasa; bai faɗi abin da za a yi ba in shugaba ya ƙi kiran taron, ko ya ƙi sa hannu bisa naɗin da gwamnati ke so. Rigimar ta fi zafi bisa naɗin shugabannin kamfanonin gwamnati da manyan ma'aikata.

Dalilin bambancin ba a cikin rubutun yake ba, tun da rubutun kusan ɗaya ne. A Faransa wanda ya faɗi zaɓe yana da garuruwa da jahohin da yake mulki, yana da aikin yi, ma'aikata kuma ba su sauyawa da sauyin gwamnati. A Nijar ta 1995 ba a riga an zaɓi majalisun ƙananan hukumomi ba, gwamnati ce babbar mai ba da aiki da kwangila, har manyan alhazan Maraɗi da Emmanuel Grégoire ya yi nazari a kansu arzikinsu bai rabu da lasisi da kwastan ba. Wanda ya rasa Yamai ya rasa kome, shi da mutanensa. A irin wannan hali "adawa" tana komawa ga ma'anarta ta asali. Ran 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya sauke su duka biyu.

Daga nan aka yi ta sauya riga: tsarin shugaba mai cikakken iko a 1996, komawa ga raba iko a 1999, tazarcen Tanja Mamadu a 2009 (wata kalmar da ta tsallako daga Nijeriyar zamanin Abacha), sabon kundi a 2010. Ba za a ce hanyoyin doka ba su taɓa aiki ba. Majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadu da ƙuri'a ran 31 ga Mayu 2007. Kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazeye ta ce wa Tanja a'a a Yuni 2009. Ya rushe ta, soja suka sauke shi a Fabrairu 2010. A Afirilu 2021 zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki, karo na farko a tarihin ƙasar. Amma in aka ƙirga, sau biyar, a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, mai riƙe da makami ne ya amsa tambaya ta uku.

6. Zaɓe uku a Jiratawa

Tarihin da ke sama na Yamai ne. A ƙasa hoton ya fi haka cakuɗa, kuma Jiratawa, kudu da Maraɗi cikin gundumar Madarumfa, ta isa misali. Magidanci ɗaya mai fili a gandun noman rani na garin, wanda aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980 bisa kimanin hekta 500, ya san zaɓe iri uku, kowane da dokarsa.

Na farko na sarauta ne. Dokar 1993 bisa matsayin sarakunan gargajiya, da wadda ta gaje ta a 2015, sun sa masu gida su zaɓi mai gari, masu gari kuma su zaɓi shugaban kanto, daga cikin waɗanda suka gaji sarautar, sa'an nan hukuma ta tabbatar. Wannan aure ne tsakanin rukuni da akwatin ƙuri'a: gado ke tace ƴan takara, ƙuri'a ke raba su. Wa'adi babu, sai mutuwa, kuma hukuma kaɗai ke iya tuɓewa. Sarautun Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tsibiri, waɗanda aka ɗaga zuwa matsayin sultan a 2010, suna cikin wannan doka.

Na biyu na ƙungiyar manoman gandun ne, wadda aka damƙa wa tafiyar da ruwa da kuɗin ruwa tare da sa idon hukumar ONAHA. A nan mai fili ke da murya. Abin da ake gardama a kai kowa yana ganinsa da idonsa: layin ban ruwa, kuɗin wutar injinan rijiya, taki, wanda bai biya ba. Shugabannin suna da wa'adi, kuma babban taron membobi yana da ikon sauke su. Ba a rasa rinjayen masu hali, matan da ba su da fili da sunansu kuma suna waje. Duk da haka, cikin ukun, nan ne mai zaɓe da mai tuɓewa suka zama mutum ɗaya.

Na uku na ƙaramar hukuma ne. A Yuli 2004 aka yi zaɓen majalisun kwamin 265 a ƙasa baki ɗaya, Jiratawa da Tsibiri suna ciki. Jerin sunayen jam'iyya ake zaɓe, kansiloli su zaɓi magajin gari daga cikinsu, suna kuma iya kayar da shi. Sarakuna suna zama a majalisar suna ba da shawara ba tare da ƙuri'a ba. Dokar kaso ta 2000 ta tilasta a sa mata cikin jerin. Wannan mataki shi ne ya fara ba wanda ya faɗi a Yamai wurin da zai yi mulki a gida, wato abin da aka rasa a 1995. An rushe waɗannan majalisu a Afirilu 2024, aka maye gurbinsu da kantomomin da aka naɗa.

7. Kammalawa

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da taron ƙasa na Fabrairu 2025, da kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025, wanda ya zo tare da rushe jam'iyyu ya kuma ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, tsohuwar magana ta dawo bakin mutane: cewa dimokuraɗiyya kayan aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Tarihin da muka bi ya ba masu wannan magana gaskiya ta fuska ɗaya. Kundin 1992 an aro shi ba tare da an auna jikin da zai sa shi ba, an kuma rubuta shi cikin harshen da mafi yawan masu ƙuri'a ba su ji. Babu siffa ɗaya da ta wajaba bisa kowace ƙasa. Ingila da Amurka da Suwizalan ma ba su yi kama da juna ba.

Ta ɗaya fuskar kuwa tarihin bai ba su gaskiya ba. Ra'ayin cewa shugaba yana da waɗanda za su ce masa a'a, su kuma sauke shi in ya kauce, ba daga Faransa ya zo Maraɗi ba. Ɗan Kasawa ya zo da shi daga Katsina. Abin da ƙarni na 20 ya ƙara shi ne shigar talaka da mace cikin masu zaɓe, kuma ba mu ga alamar sun ƙi wannan ƙari ba. Abin da har yanzu ba a daidaita ba shi ne hannun da ikon tuɓewa zai zauna a ciki, yadda ba zai sake zamewa zuwa hannun Kaura ba. Duk tsarin da za a kawo, ko da wane suna, da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Ga masu nazarin harshe akwai aiki a nan. In za a rubuta dokokin ƙasa da Hausa, sai an zaɓi kalmomi, kuma zaɓen ba na ƙamus kaɗai ba ne: wanda ya rubuta "hamayya" a inda wani zai rubuta "adawa" ya riga ya faɗi matsayin wanda ya sha kaye. Muna ba ɗalibanmu shawara su tattara, daga bakin tsofaffin fadar Maraɗi da ta Tsibiri da kuma tarukan manoman Jiratawa, kalmomi da maganganun da ake amfani da su wajen gargaɗin shugaba da sauke shi, tun masu riƙe da su suna raye.